Girkin Ƙasashen Waje: A Kalla da Ido, a Dafa da Hankali

 

Yau a madafi za mu yi hirar tamu. Tun da aka buɗe YouTube a 2005, wayoyi kuma suka wadata, mace tana ɗakinta za ta ga yadda ake biryani a Indiya, ko fiza a Italiya, ko shawarma a Labanan. Abin da a da sai wadda ta je makarantar girki, yau ga shi a tafin hannunki. Alhamdu lillahi. Sai dai 'yar'uwa, abin da kike kallo madafin wata ne, ba naki ba.

Bari in fara da kaina, kada ki ce daɗin baki nake. Ina amarya, dangin maigida za su zo, na ce sai na burge su da kek. Baturiyar da nake kallo ta ce a sa wuta a 350. Na duba obin ɗina, iyakarsa 250, sai kawai na ƙure shi. Kafin minti ashirin gida ya turnuƙe da ƙauri, sama ya ƙone, ciki ɗanye. Ƙwai shida da bota da fulawa suka tafi a banza, ga kunya. Ashe awon zafi na Amurka daban ne: 350 ɗinsu shi ne kusan 180 a namu. To kin ji na farko.

Na biyu, awo. In suka ce kofi, ba kofin shayinki suke nufi ba. Kofin awonsu yana cin kimanin mililita 240, babban cokali 15, ƙarami 5. Gwangwanin madarar da muke awo da shi bai kai kofin nan ba. Miya tana yafe kuskure, amma kek da burodi ba sa yafewa. Ki daure ki sayi kofuna da cokulan awo, ba su da tsada. Kuma bekin foda daban, bekin soda daban. Sodar ta fi ƙarfi nesa, kuma sai da abu mai tsami kamar nono ko lemun tsami take aiki. In ta yi yawa, kek ya yi ɗanɗanon sabulu.

Na uku, kayan haɗi. Shinkafar basmati da ake nomawa a Indiya da Pakistan ba irin tamu ba ce da aka turara. Jiƙa ta ake yi kamar rabin awa, kuma ba ta son dogon dahuwa; in kika yi mata irin ta dafa-duka, sai ki sauke tuwo. Haka cukun fiza, wato mozarela, narkewa yake yi yana yauƙi. Cukun da ake kawowa daga Nijar da awara ba sa narkewa haka, kada ki wahalar da kanki. Amma wani abin kina da madadinsa. Ba ki da obin? Babbar tukunya da yashi a ƙasa, da wuta kaɗan-kaɗan, ta ishe ki gashi.

Na huɗu shi ne mafi girma: halal da haram. Girkin Faransa da Italiya da yawa ana zuba masa giya, na Japan ma akwai mirin, wanda giyar shinkafa ce. Za ki ji ana cewa ai wuta tana kore ta. Ba duka take korewa ba. Ki sa romon nama da ɗan lemun tsami a madadinta. Bekon da ham da yawancin feferoni daga naman alade ake yin su. Sunan da ba ki gane ba, ki bincika kafin ki saya. Tambaya ai rabin ilimi ce.

Shawarata, ki kalli bidiyo daga farko har ƙarshe, ki rubuta awon a littafi, kada data ta ƙare miki kina tsakiyar kwaɓi. Ki gwada da rabin awo, kuma ba ranar baƙi ba. Kuɗin cefane amana ne a hannunki, balle a tsadar nan. Ki kuma tanadi abin da gida ya saba ci, ko da sabon bai karɓu ba. Wadda ta iya tuwo da miyar kuka har maigida yana santi, biryani ba zai gagare ta ba, da koyo akan iya.

Allah Ya sa albarka a hannuwanmu, Ya bar mu lafiya da mazajenmu. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu. A huta lafiya.