Daga Gwaji Zuwa Kuɗin Gaske: Jawabi Kan Ɗora Manhajar Biyan Kuɗi a Riyad

An ce in yi magana kan sana'ata ta rubuta manhaja, kuma minti goma aka ba ni, don haka gaɓa ɗaya zan ɗauka: ranar da za ka ɗauke manhajar biyan kuɗi daga kwamfutarka ka ɗora ta a kan saba, wato kwamfutar nan da ke kunne dare da rana, jama'a su fara biya da kuɗinsu na gaske.

Mu mazauna Riyad mun ga yadda takardar kuɗi ke ja da baya. Ko shayi za ka sha a Batha, kati ko waya za ka ɗora kan na'ura. Katin mada na aljihun kowa, SADAD na karɓar kuɗin wuta da na waya tun 2004, sarie kuma tun 2021 yake tura kuɗi tsakanin bankuna nan take, duk a ƙarƙashin babban bankin ƙasar, SAMA. Amma kai mai manhaja ba kai za ka riƙe katin kowa ba. Akwai kamfanonin da ke tsakani, irin su HyperPay, Moyasar da PayTabs, su ke karɓar lambar kati. Ka bar musu. Ajiye lambobin katin mutane a sabarka neman fitina ne kawai.

Kamfanin zai ba ka mabuɗi iri biyu, na gwaji da na gaske. Na gasken ba a rubuta shi cikin manhaja, balle a tura shi GitHub ko zauren WhatsApp. A saitin saba yake zama. Sannan ka duba da me suke ƙirga. Moyasar da halala yake lissafi, kamar yadda Paystack ke yi da kwabo a gida. Riyal 50 shi ne 5000. In ka rubuta 50, ka sayar da kayan mutum a rabin riyal ke nan. Harajin kaya ma yana nan, kashi 15 cikin 100 tun Yulin 2020.

To, ga inda nake so ku buɗe kunne. Yawancinmu mukan tsara abin haka: in mai saye ya dawo shafin da ke cewa an biya, sai a rubuta ya biya. A wajen gwaji wannan lafiya lau yake aiki, don kai ne mai sayen, kuma intanet ɗinka ba ya yankewa. A waje fa? Mutum ya sa kati, banki ya turo masa lamba ta waya, ya shigar, kuɗi suka fita, sai caji ya ƙare kafin shafinka ya buɗe. Shi an cire masa, kai a wajenka bai biya ba. Ka ɗauka kuɗin makarantar ɗansa ne, kuma yau ake rufewa. Ga kuma ɗan wayo da zai kwafi adireshin shafin nan ya buɗe ba tare da ya biya ko halala ba.

Maganin shi ne ka daina karɓar shaidar wayar mai saye. Kamfanin biya yana aiko da saƙon tabbaci kai tsaye zuwa sabarka, shi ne shaida. Shi ma sai ka tantance: daga gare su ya fito? Adadin ya yi daidai? Riyal ne? In kana shakka, sabarka ta koma ta tambaye su da lambar cinikin. Kuma saƙon nan yakan zo sau biyu ko uku, don in ba su ji amsarka ba sai su sake turowa. Manhajarka ta gane lambar da ta riga ta gani, kada a ba mutum kaya biyu a kuɗi ɗaya. Wallahi wannan kaɗai ya ishe ku aikin mako guda, kuma ya cancanci makon.

Sai maganar lokaci. Turawa sukan ce kada a ɗora sabon aiki ranar Juma'a. A nan, tun 2013 hutun mako Juma'a da Asabar ne, saboda haka tamu ranar haɗarin ita ce yammacin Alhamis. Ni na fi son safiyar Lahadi ko Litinin, lokacin da ma'aikatan banki da na kamfanin ke ofis. Ku kauce wa 27 ga wata ma, ranar albashin gwamnati, ciniki ya yi yawa. In kuma masu biyanku na Kano ko Maraɗi, ku tuna Riyad na gaba da awa biyu: wanda ya biya ƙarfe 11 na dare a can, a nan gobe ce.

Kafin ka taɓa komai ka kwafi rumbun bayananka, ka kuma san yadda za ka koma tsohuwar manhajar in abu ya rikice. Da ka ɗora, ka sa katinka ka biya riyal ɗaya, ka ga saƙon tabbaci ya iso, sannan ka mayar wa kanka kuɗin, don ka tabbatar mayarwar ma tana aiki.

Na ga shugaba yana duba agogo. Mai tambaya ya same ni bayan sallar isha'i.