LAIFIN DA BA NAKA BA NE



Wani magidanci ya tsare ni bayan sujada a Dutsin-Ma, ya ce, "Baba Fasto, ni na kashe auren iyayena." Yana da shekara 7 ya kai wa babansa wata magana da ya ji a bakin uwarsa. Kafin mako ya zagayo an sake ta, ta koma gidansu a Kurfi. Shi kuwa ya tashi a hannun matar uba. Yanzu yana da furfura, amma bai taɓa zuwa gaishe ta ba, ga Kurfi nan kusa a kan hanyar Katsina. Kunya ce ta hana shi.

Ku buɗe Farawa sura 21. A ranar bikin yaye Ishaku, Saratu ta ga abin da Isma'ilu yake yi, sai ta sa aka kori Hajaratu da ɗanta. Mai yiwuwa yaron ya ɗauka shi ya jawo. Amma ku koma sura 16, za ku ga rigimar ta soma tun yana ciki. Haka mutuwar aure take. Maganar yaro ba ta rushe gidan da bai riga ya tsage ba. A jejin kuma, muryar yaron Allah ya ji.

A Amurka akwai wani masanin halayyar ɗan Adam, Robert Enright, na Jami'ar Wiskonsin, wanda tun 1985 yake binciken gafara a matsayin magani. Matakin farko da yake koyarwa shi ne mutum ya yarda an cuce shi, ya faɗi zafin. Mu kam nan muke tuntuɓe, gama da "yi haƙuri" muke rufe bakin yaro. Gafara ba mantuwa ba ce, ba kuwa cewa abin da aka yi daidai ne ba.

Na ce wa wannan ɗan'uwa, "Ɗana, raba kayan nan biyu. Sakin na manya ne, ajiye shi. Shekarun da ka ƙi zuwa wurin tsohuwarka, wannan naka ne. Ka tuba, Almasihu ya riga ya biya. Kada ka riƙe abin da Allah ya yafe."

Ya tambaye ni abin da zai ce mata. Na ce ya fara da gaisuwa.

Bari mu yi addu'a.