Finafinan Hausa a Idonmu, Mu Mazauna Potiskum

(Wannan shi ne jawabin da kwamitin al'adu na ƙungiyarmu ya gabatar a zaman da aka yi da matasa. Mun buga shi kamar yadda aka faɗe shi, in ban da ɗan gyara nan da can.)

 

Ranar da aka ce kwamitinmu ya yi magana a kan finafinan Hausa, wani dattijo daga cikinmu ya ce, "Yanzu duk matsalolin da ke gabanmu, sai maganar 'yan wasan kwaikwayo?" Muka ce masa, Baba, in an yi sallar isha'i ka leƙa cikin gida ka ga abin da ke hannun jikokinka. Bai ƙara cewa uffan ba. To, mu dai ba masana harkar fim ba ne, 'yan kallo ne kamar kowa, saboda haka ra'ayin 'yan kallo za mu faɗa. Wanda bai yarda ba, akwai lokacin tambayoyi, sai ya kama mu a can.

Manyan cikinmu sun san farkon abin. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset na bidiyo, wato shekara guda kafin a ƙirƙiro jihar Yobe a 1991. Ke nan sana'ar fim da jihar nan tamu kusan sa'o'in juna ne. A wancan zamani motocin Kano ne ke kawo mana kaset, a yi haya, gida ɗaya mai bidiyo da janareta ya tara yaran unguwa kaf. Da Sangaya da Wasila suka fito, har mutanen da ba su jin Hausa sosai sun san sunan Ali Nuhu da Fati Muhammad. Kuma ba mu manta ranar 1 ga Janairun 2007 ba, da labari ya zo cewa Ahmad S. Nuhu ya rasu a hatsarin mota a Azare, nan kusa da mu, a kan wannan hanya da muke bi kullum. Rabilu Musa Ibro kuwa ya rasu a ƙarshen 2014, kuma har yau ba mu ga wanda ya cike gurbinsa ba. Allah Ya jiƙansu.

Yanzu kaset ya tafi, faifan CD ya bi bayansa. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan kallo ya koma YouTube a cikin waya, sai fim mai kashi ɗaya da biyu ya yi ƙaranci, aka koma fim mai dogon zango, mako-mako. A nan hirar tamu take.

Za mu fara da namu na gida, domin rashin adalci ne a yi maganar fim a Potiskum ba a fara da Mato Yakubu ba, wanda muka fi sani da Mato na Mato, duniya kuma ta san shi da Malam Nata'ala na shirin Daɗin Kowa. Allah Ya karɓi abinsa a 2025 bayan doguwar jinya. Jama'a, mutumin nan ya iya wasa. An ba shi matsayin malamin almajirai, matsayin da in aka ba wani sai ya mai da shi abin ba'a kawai, ko kuma ya mai da shi waliyyi. Shi bai yi ko ɗaya ba. Ya fito da malami mai karatu, mai faɗa, mai son abin duniya daidai gwargwado, mai rigima da iyali a kan cefane, irin wanda kowannenmu ya san kamarsa a unguwarsu. In ya ɗaure fuska ya jefo magana, sai ka yi dariya, can kuma sai ka ji maganar ta taɓa ka. Ga harshensa. Hausarsa ba ta Kano ba ce tsantsa, akwai ɗanɗanon gabas a bakinsa, irin Hausar da muke ji a kasuwar hatsi da tashar mota. Yaranmu da aka haifa a nan, waɗanda in sun je Kano ko Katsina hutu ake tsokanarsu da cewa Hausarsu ta karkace, sun ga mai magana irin tasu a talabijin, duk Arewa tana saurarensa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu.

Sai Labarina na Malam Aminu Saira, wanda ya fara a 2020. A ganinmu, wajen ɗaukar hoto da tsara magana, Saira yana gaba da yawancin abokan sana'arsa. Yana barin ɗan wasa ya yi shiru, abin da daraktocinmu da yawa ke tsoro, kamar in an yi shiru na daƙiƙa biyar ɗan kallo zai gudu. Rabi'u Rikadawa a matsayin Baba Ɗan Audu, kai, wannan ya ci kuɗinsa. Uban da ba ya jin kunyar cin amanar 'yarsa, amma in ya buɗe baki sai ka rasa yadda za ka ƙi shi gaba ɗaya. Sai dai lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin aka sa Fati Washa ta ci gaba da zama Sumayya, gidajenmu sun rabu biyu. Iyayenmu mata na nan, su suka fi mu sanin yadda aka kwashe. Mu a kwamiti mun ce Washa ba ta gaza ba, ido ne ya riga ya saba da fuska ɗaya. Da aka sake labari aka kawo Sadiq Sani Sadiq a matsayin Mainasara, wasansa ya yi kyau, amma dukiyar ta yi yawa. Mota kan mota, gida kamar fadar shugaban ƙasa. Za mu dawo kan wannan.

Izzar So na Lawan Ahmad shi ma a 2020 ya fara, kuma ya samu 'yan kallo ƙwarai, har a Nijar da Ghana da Sudan. Umar Hashim yaro ne mai ladabi, Aisha Najamu kuma ta iya fitowa a mace mai izza. Amma don Allah, labari in ya kai inda zai ƙare a bar shi ya ƙare. An wuce kashi ɗari ana jan abu ɗaya. Daraktansa na farko, Nura Mustapha Waye, ya rasu a 2022. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi kuwa, wannan na dariya ne, amma duk mai 'ya'ya da yawa da ɗan abin hannu ya kalle shi da idon basira, domin 'ya'yan da ke ƙirga kwanakin ubansu saboda gado ba a fim kaɗai suke ba. Kwana Casa'in ya taɓo siyasa ba tare da tsoro ba, kuma Sani Mu'azu ya fito a gwamna har ka rantse ya taɓa riƙe kujerar.

Akwai finafinai biyu da muke zaton yawancin mutanen ɗakin nan ba su gani ba, alhali su aka tura waje da sunan Nijeriya. Na farko The Milkmaid na 2020, wanda Desmond Ovbiagele ya shirya, aka ɗauka a jihar Taraba, akasarinsa da Hausa. Labarin 'yan mata biyu ne 'yan uwan juna, masu tallar nono, da 'yan tayar da ƙayar baya suka afka wa ƙauyensu. Maryam Booth ta samu kyautar AMAA da shi. Mu da muka ga abin da ya faru a kasuwar shanu a 2012, muka kuma binne 'yan makaranta a 2014, ba sai an fassara mana wannan fim ba. Wasu cikinmu ba su iya kallonsa har ƙarshe ba. Na biyu Mai Martaba na Prince Daniel Aboki, da aka ɗauka a Daura, Adam A. Zango na ciki, labarin rikicin gadon sarauta. Shi Nijeriya ta tura gasar Oscar ta Amurka a 2024. Bai kai zagayen ƙarshe ba, amma ya nuna cewa in an kashe kuɗi an yi haƙuri, fim ɗin Hausa zai iya shiga tsara.

To, ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Mu a garin nan zaune muke tare da Bolewa da Ngizim da Karekare da Fulani da Barebari, mun yi auratayya, muna kasuwa ɗaya. Su ma suna kallon finafinan nan, wasunsu ma sun fi mu bi. Abin da suka gani a ciki, da shi za su auna mu. In an nuna Bahaushe kullum cikin rikicin kishiya da bin boka da sakin aure a kan abin da bai kai ya kawo ba, mu za a kalla. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne in aka sa wani ya fito a Bafulatani ko Babarbare ko mutumin ƙauye don kawai a kwaikwayi harshensa a yi dariya. Mai shirya fim yana Kano abinsa, mu ne za mu haɗu da maƙwabcinmu da safe a wurin mai shayi. Wasan barkwanci tsakanin ƙabilu daɗaɗɗen abu ne, mun gada, amma yana da ƙa'ida: kai da abokin wasanka kuna fuskantar juna, in ka jefa ya rama. A fim ba ya samun damar ramawa.

Sai maganar dukiyar da muka ce za mu dawo kanta. Yaro yana zaune a shagon ubansa, ko yana bin tirela a matsayin yaron mota, ya buɗe waya ya ga sa'ansa da ba a taɓa nuna yana aikin komai ba, amma yana rabon motoci ga 'yan mata. Me kuke so ya ji a ransa? Kuma abin mamaki, ga labarai nan zube a ƙofar gidanmu ba mai ɗauka. Kasuwar shanun Potiskum tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Dillali da mai shanu da sa hannu cikin riga ana ciniki, direban da zai ɗauki kaya ya yi kwana da kwanaki kafin ya isa Legas ko Fatakwal, matar da ya bari a gida da yara, yaron motar da ya zama direba har ya zama mai mota. Wace soyayyar falo ce ta kai wannan daɗin labari? Har yau muna jiran daraktan da zai zo ya kwana bakwai a garejin manyan motoci kafin ya rubuta komai.

Game da tacewa, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano tana nan tun 2001, kuma a watan Mayun 2025 ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, a kan cewa ba a kai mata su ta duba ba kafin a sake su. Mu ba mu ƙi tacewa ba. Amma hukumar Kano ba ta da iko da wayar yaron da ke Potiskum, wannan aikin iyaye ne. An kuma naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya a Janairun 2024, muna yi masa fatan alheri, muna kuma tuna masa cewa Arewa ba ta tsaya a Kano da Kaduna da Jos ba.

Mu ma da namu laifin, kada mu tashi ba mu faɗa ba. Shekara nawa muka yi muna kai waya wurin masu tura fim, a cika mana ita da 'yan canji, ko sisi bai isa hannun wanda ya yi wahalar ba? Sannan in muka ji tsohon ɗan wasa ya kwanta ciwo ana neman taimako, sai mu ce ina kuɗin da suka tara. Wane kuɗi? Wanda muka hana su? Ko kallon da za ka yi a tashar mai fim ɗin ta YouTube, maimakon ta ɓarayin zaune, yana kai masa wani abu.

Saboda haka kwamiti yana kawo shawara biyu gaban shugabanni. A farfaɗo da wasan daɓe da matasanmu ke yi a da lokacin bikin sallah, a gayyaci matasan sauran ƙabilun garin a yi tare, labarin kuma ya zama na nan. Sannan a tura wakilai su kai gaisuwa ga iyalan marigayi Mato na Mato da sunan ƙungiya. Sakatare ya ce a faɗa cewa masu son shiga wasan su ba da sunayensu kafin a watse, mata kuma su ga shugabar mata.