Iska Ba Ta Karɓar Uzuri: Lacca Kan Harhaɗa Ƙaramin Jirgin Sama Mai Rimot



Na zo da wannan kwalin ne saboda gani ya kori ji. Duk wanda ya ɗaga shi zai ce babu komai a ciki. To, akwai. Akwai falle-fallen katako marar nauyi da aka riga aka yanka, da 'yan sanduna, da wayoyin ƙarfe, da tayoyi uku, da babbar takarda a nannaɗe mai ɗauke da zanen jirgi daidai girmansa. Wanda ya ba shi yammacin makonni uku ko huɗu zai fito da jirgi mai tsawon fiffike kamar mita ɗaya da rabi, wanda zai tashi sama ya bi umarnin mai shi, mai shi kuwa yana tsaye a ƙasa da rimot a hannu.

Na san abin da wasunku ke rayawa a zuci, don an sha faɗa mini shi baki da baki. Wasu na cewa wasan yara ne. Wasu na cewa harhaɗawa ai ba ƙira ba ce, tunda wani ne ya zana, wani ya yanka, kai manna kawai ka yi. Waɗannan maganganu biyu na zo in amsa.

Ta farkon ba za ta ci mana lokaci ba. A 1871 wani Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya tayar da ɗan ƙaramin jirgi a wani lambu a birnin Faris. Murɗaɗɗiyar roba ce ke juya farfelarsa, ya yi tafiyar kusan mita 40 cikin daƙiƙa 11. A 1878 wani uba a Amurka ya kawo wa 'ya'yansa abin wasa mai tashi da aka yi bisa dabarar Pénaud. Yaran nan su ne Wilbur da Orville Wright, waɗanda ranar 17 ga Disamba 1903 suka tayar da jirgi mai inji ɗauke da mutum. Sarrafa abu daga nesa kuwa, Nikola Tesla ya nuna shi a New York a 1898 da ɗan ƙaramin jirgin ruwa. A ƙarshen shekarun 1930 wasu tagwaye, Walter da William Good, suka haɗa dabarun biyu a jirginsu mai suna Big Guff, wanda yanzu yake ajiye a gidan tarihin Smithsonian. Da rarrafe yaro kan tashi, kuma haka jirgin sama ya tashi.

Ta biyun ce nake so mu zauna a kanta, kuma sai mun buɗe kwalin.

Katakon nan sunansa balsa. Mafi yawansa daga ƙasar Ekwado yake fitowa, a Kudancin Amurka. Ka danna shi da farce sai ya lotsa, amma in aka gwada ƙarfinsa da nauyinsa, kaɗan ne itatuwan da suka kama ƙafarsa. Har a jirgin yaƙin Ingila mai suna Mosquito an yi amfani da shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Mu da muka tashi muna yin motar kara mun san irin wannan abu: cikin karan dawa ba shi da nauyi, ɓawonsa kuma yana da ƙarfi, yaro ya haɗa su biyun ya fito da mota har da tayoyi. Hikimar ɗaya ce, a sami ƙarfi ba tare da nauyi ba.

Abu na farko da mai harhaɗawa ke buƙata ba ya cikin kwalin. Allo ne miƙaƙƙe sumul wanda bai karkace ko kaɗan ba. A kansa ake shimfiɗa zanen, a rufe shi da siririyar leda don kada gam ya kama takarda, sannan a gina fiffike a bisa zanen kai tsaye. Ana fara kafe doguwar sandar da ke ratsa fiffike daga wannan baki zuwa wancan. Ni ina kiranta azara, don aikinta ke nan: ita ke ɗauke da nauyin jirgin gaba ɗaya idan yana sama. A kanta ake jera haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, kowane a kan layinsa, a kafe da fil, a ɗora sukwaya a tabbatar ya tsaya cak kafin a ɗiga gam. Na maimaita: kafin a ɗiga gam. Sufa-gulu ba ya jiran shawara, cikin 'yan daƙiƙu ya kama. Saboda haka ƙa'idar masu wannan aiki ita ce a gwada kowane yanki a busashe, a ga ya zauna daram ba tare da an danna shi da ƙarfi ba. In bai zauna ba, a goge da samfefa, a sake gwadawa. Yankin da aka tilasta wa shiga, yana nan yana jan sauran, kuma ranar da aka cire fil zai murɗa fiffiken.

A nan ne hali yake fitowa. Na ga ɗalibi mai kaifin basira, wanda ba a kama shi a lissafi, ya zo kan haƙarƙari na tara ya ga ya ɗan kauce daga layi, ya ce, "Malam, ai ba komai, leda za ta rufe." Gaskiya ne, ledar za ta rufe wa ido. Amma iska ba da ido take aiki ba. Fiffiken da ya murɗe kaɗan, gefe guda zai fi ɗaya ɗagawa, jirgin ya riƙa kwantawa gefe, matuƙi ya yi ta kokawa da shi har ya sauko. Wannan "ba komai" ɗin, jama'a, ita ce ke cinye mana aiki a wurare da yawa: ƙofar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta, bangon da ya tsage tun ba a shiga gidan ba, kwalbatin da ruwa ke bi ta gefenta. A duk waɗannan, hukuncin yakan jinkirta, har mai laifi ya karɓi kuɗinsa ya tafi. A jirgi kuwa hukuncin yana zuwa cikin daƙiƙa goma, a gaban kowa, kuma babu wanda za a ɗora wa. Ban san wani aji da ke koyar da awo da gaskiya haka ba.

Idan ɓangarorin fiffike biyu sun kammala, sai a haɗa su a tsakiya da gam mai haɗi biyu, wanda ake cakuɗawa daidai wa daida, a ɗan ɗaga bakunan sama kamar yadda zanen ya nuna. Wannan ɗagawar ba ado ba ce. Idan jirgin ya karkata ya fara zamewa gefe, fiffiken da ke ƙasa zai fi samun iska, sai ya mayar da shi daidai da kansa. Shi ya sa jirgin koyo yake da fiffike a saman gangar jiki, mai wannan ɗagawar. Ina roƙon mai farawa kada ya ruɗu da kyan jirgin yaƙi a hoton kwali. Ya fara da na koyo.

Gangar jiki ba ta da wuya, akwati ne dogo. Jelar ce ke son kulawa. Ka soka fil a tsakiyar hancin jirgi, ka ɗaura zare, ka auna zuwa wannan bakin jela, ka auna zuwa wancan. Sai sun zo ɗaya za ka manna. Igiyar magini ce dai, ba wani abu ba. Daga nan sai rufi: leda ce ta musamman mai gam a bayanta, ana manna ta da ɗan dutsen guga, zafi ya sa ta tsuke ta yi tsam kamar fatar ganga. In zafin ya yi yawa a gefe guda, ita ma sai ta murɗa fiffiken da ka sha wuya ka miƙe.

Sai batun rediyo. Rimot yana aika saƙo, risiba da ke cikin jirgi ta karɓa, ta miƙa wa wasu 'yan ƙananan motoci da ake kira sarbo, su kuma su ja sandunan da ke motsa bakin fiffike da jela. Saƙon da sarbo ke ji ɗan bugun lantarki ne da ke zuwa kamar sau 50 a daƙiƙa. In tsawon bugun ya kai ɗaya da rabi cikin dubu na daƙiƙa, sai ya tsaya a tsakiya. In ya gajarta ya juya nan, in ya tsawaita ya juya can. A da, idan mutum biyu suka kunna rimot a kan mita ɗaya, jirgin da ke sama faɗowa yake yi, har ƙungiyoyi suka riƙa ajiye allo mai alamomi, ba ka kunnawa sai alamar mitarka tana hannunka. Tsarin gigahaz 2.4 da ya bazu a tsakiyar shekarun 2000 ya kawar da wannan matsala, don kowane rimot yana ɗaure da risibarsa. Amma bai kawar da kuskuren ɗan Adam ba. Kafin kowane tashi, ka tsaya bayan jirgin, ka tura sandar rimot dama, ka ga da idonka bakin fiffiken dama ya ɗaga sama. Jirage da yawa sun mutu a tashin farko don an juya wannan.

Batir yana buƙatar gargaɗi, musamman a ƙasa mai zafi irin tamu. Batirin litiyam da ake sa wa waɗannan jirage, kowane ɗaki nasa bolt 3.7 ne, yana cika a 4.2, kuma in aka zuƙe shi ƙasa da 3 ya lalace. In ya huje, ko ya kumbura, ko aka bar shi cikin mota a rufe da rana tsaka a watan Afrilu, yana iya kamawa da wuta. Ba a sa shi caji a tafi barci.

Yanzu ga abin da ya fi komai. Bayan an ɗora inji da batir da duka kaya, sai ka sa yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, a wurin da zanen ya nuna, yawanci tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gaba. Ka ɗaga. Jirgin ya tsaya daidai, ko hancinsa ya ɗan sunkuya. In jela ce ta rinjaya, kada ka fita da shi daga ɗaki. Jirgina na farko haka na rasa shi. Na gwada, na ga jelar ta ɗan yi ƙasa, ga jama'a sun taru a fili suna jira, na ji nauyin in ce musu a dawo gobe. Yana barin ƙasa ya ɗaga hanci, gudunsa ya mutu, ya kife gefe ya dawo da ka. Aikin wata guda na tsince shi a cikin buhu. Matsar da batir gaba da faɗin yatsa biyu ya isa ya cece shi. Har yau ina jin zafin abin, kuma shi ya sa ba na barin ɗalibina ya tsallake wannan gwajin.

Ranar tashi, a fita da sassafe bayan asuba, kafin iska ta taso, kafin kuma rana ta yi zafi, don iska mai zafi ba ta da kauri, ɗagawarta ba ta kai ta mai sanyi ba. A tashi ana fuskantar iska, a sauka ana fuskantarta. Mai koyo ya tsaya kusa da gwani, a haɗa rimot biyu yadda malami zai karɓe tuƙi da zarar abu ya rikice. Zai kuwa rikice, domin idan jirgi ya juyo yana fuskantarka, damarsa ta koma hagunka, kuma sai hannu ya saba. A nisanci filin jirgin sama da bariki da taron jama'a. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya ta bayyana cewa tayar da jirgi marar matuƙi yana buƙatar izini, kuma da halin tsaron da muke ciki, makarantar da za ta fara wannan aiki ta fara da neman izinin da sanar da jami'an tsaron yankinta.

Ina iyakar wannan sana'a? A watan Agusta 2003, wani dattijo Ba'amurke mai suna Maynard Hill, yana da shekara 77, idonsa ya kusa rufewa, ya ƙera jirgin balsa da bai kai kilo 5 ba har da mansa. Jirgin ya tashi daga gaɓar Kanada, ya ƙetare Tekun Atlantika, ya sauka a Ailan bayan tafiyar sama da kilomita 3,000 cikin kusan awa 39. Huɗu ya rasa a teku kafin wannan na biyar ya isa.

Mu ma ba baƙi ba ne a nan. Tun 1925 jirage suka sauka a Kano. Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya tana nan tun 1964. Jiragen koyo masu suna Air Beetle, kusan 60, da sojojin samanmu suka yi horo da su, a Kaduna aka harhaɗa su, asalinsu kuwa samfurin RV-6A ne na kamfanin Van's Aircraft, wanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa mai saye ya haɗa. A Kadunan dai aka ƙaddamar da Tsaigumi, jirgi marar matuƙi, a 2018. Wanda ya raina harhaɗawa sai ya dubi wannan.

Lokaci zuwa lokaci muna ganin hoton matashi da ya haɗa jirgi da gwangwani da tsohon inji a ƙofar gidansu. A yi ta yaɗawa, a yi ta sa albarka, bayan mako biyu a manta da shi. Ina ƙaunar yaran nan ƙwarai. Hannu suna da shi, himma suna da ita. Abin da ba a ba su ba shi ne wanda zai zauna da su da rula da sikeli ya nuna musu inda nauyi ya kamata ya zauna, da dalilin da ya sa. Yaron da ya haɗa kwali ɗaya bisa zane, na biyu zai yanka da kansa daga farin soson da ake ƙunshe firiji da shi, na uku kuma shi zai zana.

Don haka roƙona ga shugabannin makarantu da ke zaune a nan: ɗaki ɗaya mai kullewa, allo miƙaƙƙe, kwali ɗaya, rimot biyu, malami ɗaya mai haƙuri, da aron filin ƙwallo safiyar Asabar. 'Yan mata su shiga tare da maza, don aikin nan natsuwa yake so, ba ƙarfi ba. Masu hali da ke cikinmu, ku ɗauki nauyin kwalin farko. Wannan da na zo da shi kuwa, zan bar shi ga makarantar da ta fara nuna mini ɗakin da za a buɗe shi.