Ƙasar Da Muke Takawa: Koyar Da Kimiyyar Ƙasa Da Muhalli A Makarantun Sakandare



Na san akwai waɗanda tun da suka ga takardar gayyata suke tambayar kansu, me ya haɗa malamin Hausa da zancen duwatsu da ruwan sama? Tambayar tana kan hanya. Ni ba masanin kimiyya ba ne, ba kuwa zan ari rigar da ta fi ƙarfina ba. Abin da ya kawo ni shi ne harshe, domin kowane darasi da harshe ake koyar da shi, na kuma lura cewa darasin ƙasa da muhalli ya fi kowanne cutuwa ta wannan fuska.

Lokacin da nake karatun digiri na uku a ƙasar waje, wani abokin zamana mai nazarin ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe ya ji daga arewacin Nijeriya nake, sai ya tambaye ni ko na san Goronyo. Na ce ƙwarai kuwa, garin da ke da madatsar ruwa a ƙasar Sakkwato. Ya ce shi ba madatsar ya sani ba, dabbar ya sani. Ashe a wannan yanki aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku, masana daga Italiya suka raɗa masa suna Goronyosaurus a 1972, watau ƙadangaren Goronyo. Masana sun ƙiyasta ya rayu kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, sa'ad da wani reshen teku ya ratsa inda hamadar Sahara take yanzu har ya rufe ƙasar Sakkwato. Farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi, a ƙarƙashin irin wannan teku ya kwanta, har yau kuwa ana samun ɓawon halittun ruwa a cikinsa. Ran nan kunya ta kama ni. Na yi shekaru ina labarin ƙasa a sakandare, na haddace kogin Rayin na Jamus da manyan tafkunan Amurka, amma sai da na ƙetare teku kafin a gaya mini cewa teku ya taɓa kwana a gidanmu.

To, ra'ayina ke nan a yau: a fara wannan darasi daga ƙasar da yaro yake takawa, da kalmomin da ya riga ya sani, sa'an nan a kai shi ga abin da ido ba ya gani.

Ku dubi arzikin da ɗan manomi yake shigowa aji da shi. Ya san jigawa, ya san gero take so. Ya san fadama da laka, ya san fako inda ruwa ke zamewa bai shiga ba. Ya bambanta yumɓun maginiya da jangargarin gini, da marmara da tsakuwa da rairayi. Waɗannan ba sunaye ne kawai ba, rabe-rabe ne da aka gina bisa lura ta shekaru aru-aru: wace ƙasa ce ke riƙe ruwa, wace ce ke sakin sa. Amma da zarar malam ya shiga aji, sai a ajiye duk wannan a bakin ƙofa tare da takalma, a rubuta wa yaro kalmomi uku na Turanci a allo, ya kwafa, ya haddace, ya mayar wa mai jarrabawa kayansa. Bai taɓa sanin cewa gonar ubansa ake nufi ba.

Ga wani misali da nake so ƙwarai. Littafi ya ce iskar da ke kawo mana ruwan damina daga kudu maso yamma take tasowa, daga tekun Atilantika. Gaskiya ne. Amma kowace tsohuwa ta san daga gabas hadari yake haɗowa, kowane magini kuma ya san bangon gabas ne ruwa ya fi duka. To, wa ya yi kuskure, littafi ko tsohuwa? Babu. Iska mai laima tana shigowa ta ƙasa-ƙasa daga kudu maso yamma, amma a samanta akwai wata iska mai ƙarfi da ke busowa daga gabas, ita ce ke kora gizagizan hadari zuwa yamma. Malamin da ya jefa wa ajinsa wannan tambaya ya bar su suka yi gardama, ya koyar da kimiyya. Wanda ya ba su amsar littafi kaɗai, ya koya musu cewa abin makaranta daban, abin duniya daban.

Kada a ɗauka ina cewa sanin gargajiya ya wadatar. Bai wadatar ba, mun kuma biya farashi mai tsada kafin mu gane haka. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, kamar su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Fiye da yara 400 suka rasu. Mutanen nan sun san dutsen da ke ɗauke da zinariya, saninsa kuwa na gaske. Abin da ba su sani ba shi ne, dutsen yana ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo shi cikin gida, a daka a turmi, a niƙa a inji, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗanon da zai yi gargaɗi, amma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro. A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Wannan ilimi bai fi ƙarfin ɗan aji biyu na sakandare ba. Da a kowane ƙauye akwai yaro ɗaya da aka taɓa gaya masa, cikin harshen da zai iya maimaita wa uwarsa, cewa dutse ɗaya yakan ɗauki ma'adini fiye da ɗaya, wa ya san rai nawa za a ceta? A nan ma bari in tsakura muku: wani kwallin gargajiya da ake sa wa jarirai a ido, daga dutsen dalma ake niƙa shi.

Haka nan zancen ruwa. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Sun ba Kano ruwan sha da noman rani, babu mai musun wannan. Amma a can ƙasa, a fadamun Haɗejiya da Nguru, kogin da a da yake cika da damina ya ƙafe da rani ya koma gudana a hankali duk shekara. Ciyawar kacala ta sami abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse, wasu kuma ruwan ya daina isa gare su. Ɗalibin Kano da ɗalibin Gashuwa kogi ɗaya suke sha, ya kamata kowannensu ya san haka tun kafin ya zama babban sakatare.

Za a ce mini ai babu kayan aiki. Ina jin wannan kuka, amma a wannan darasi bai da ƙarfi sosai. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula sun isa auna ruwan sama. In yara suka san cewa milimita 1 na ruwa a kan hekta 1 lita 10,000 ce, suka riƙa rubuta awonsu kowace safiya, cikin shekara biyar makarantar tana da tarihin daminar garinta. Kwalba da ruwa da ɗan dunƙulen ƙasa sun isa a ga rairayi ya kwanta a ƙasa, laka ta tsaya a sama. Kududdufin bayan makaranta zai nuna musu inda ruwan unguwa yake taruwa, da abin da zai faru ranar da aka cike shi aka yanka filaye. Dutsen Dala yana nan, bishiyar gawo tana nan, mai zubar da ganye da damina ta bar hatsi ya sha rana a gindinta.

Mu malaman Hausa ma muna da namu laifin. Mun daɗe da zama muka daidaita kalmomin nahawu da adabi, har ɗalibi yana iya rubuta kundin digiri da Hausa tsantsa. Amma malamin sakandare da ke son ya bayyana yadda ruwa ke kwanciya a ƙarƙashin ƙasa, kowa da kalmar da yake ƙagowa. Ba cewa nake a kori Turanci ba, da shi za a rubuta jarrabawa. Cewa nake a yi ɗan ƙaramin littafi, masanin ƙasa da masanin harshe da manomi su zauna tare su rubuta shi.

Ku kuma ma'aikatan ma'aikatar ilimi, labarin ƙasa darasin zaɓi ne a babbar sakandare, saboda haka yara da yawa sukan bar shi. Wanda ya rage a hannunmu, kada mu kulle shi a aji. Na san wani malami da ya nemi izinin fita da ɗalibansa su ga ana haƙa rijiya a bayan katangar makaranta, kafin takardar ta dawo an riga an ɗaure bakin rijiyar. Roƙona shi ne a ba shugaban makaranta ikon yarda da irin wannan fita da kansa, a kuma ba shi damar gayyato mai haƙar rijiya ya shiga aji sau ɗaya a zango, ya faɗa wa yara abin da yake tararwa daga gaba ta farko har zuwa idon ruwa.