Zane Ma Ilimi Ne



Da na shiga sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello, wasu cewa suka yi na tafi wasa da fenti. Alhali a can muka karanta tarihin Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin Masallacin Juma'ar Zariya, da na su Uche Okeke, ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958. A can kuma na gane farar ƙasar Ƙanƙara dukiya ce, domin da irinta ake yin tangaran.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu ta ɗaukar wa makarantarmu malamin zane. Akwai yara masu baiwa daga Ƙanƙara har Faskari da Sabuwa, mai nuna masu hanya suka rasa.

Allah Ya sa mu dace, amin.