Kwanakinmu Kaɗan Ne, Allah Kuwa Madawwami Ne



Duk wanda ya taɓa shiga gidan tarihi na Kanta a Argungu ya ga kaburburan sarakunan Kabi. Muhammadu Kanta, wanda gidan yake ɗauke da sunansa, jarumi ne da ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya kewaye birninsa Surame da ganuwa mai ƙarfi. Yau Surame kufai ne. In mai ganuwa da dakaru bai dawwama ba, balle ni da kai da muke fama da fartanya?

Mu ma mun ga haka da idonmu. A daminar 2020 ruwa ya cika Gulbin Rima, ya malale fadamun Argungu da Birnin Kebbi. Shinkafar da manomi ya riga ya yi lissafin buhunanta a zuci, ya wayi gari ruwa ya shanye ta. Haka ran mutum yake. Da safe yana nan, da yamma ana haƙa masa kabari.

A Zabura 90 Musa ya kwatanta 'yan shekarunmu, 70 ko 80, da Allah wanda ba shi da farko, ba shi da ƙarshe. Bai yi haka don ya tsorata mu ba. Ya roƙi Allah ne ya koya mana lissafin kwanakinmu domin mu yi hikima. A Luka sura 12 kuma Yesu ya ba da misalin mai arzikin da ya shirya gina manyan rumbuna don kansa kaɗai, aka karɓi ransa a daren nan.

To, mene ne hikimar? Kada mu ɗaga aikin alheri zuwa gobe, gama gobe ta Allah ce. Baba, in kana da irin shuka da ya rage, akwai maƙwabcin da ruwa ya cinye nasa, Kirista ne ko Musulmi. Mama, gwauruwar da ke bayan gidanki, kin san ko ta ɗora tukunya jiya? Kai da ba ka magana da ɗan'uwanka saboda iyakar gona, gonar za ta ga bayanku duka biyu. Sakkwato da Kabi sun daɗe suna gaba, amma a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu, aka yi bikin kamun kifi don murnar zaman lafiya. In su sun shirya, ku ma za ku iya.

Ba mu da tsoron mutuwa, gama Kristi ya tashi daga matattu, ya kuma yi wa masu ba da gaskiya gare shi alkawarin rai madawwami. Abin tsoro shi ne mu tsaya gabansa rumbunmu cike, maƙwabcinmu kuwa ya kwana da yunwa.

Kafin rana ta faɗi yau, kowa ya tuna da mutum ɗaya, ya je wurinsa. Ubangiji ya taimake mu. Amin.